Kada Mu Bar Jaki Mu Doki Taiki: Linzamin Kwamfuta da Hannun Masu Buga Mana Kundi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu ya san cewa kundin kammala digiri ba ya isa teburin malami sai ya bi ta hannun wani. Mu ne muke zarya a ɗakin karatu, mu ne muke bin tsofaffi muna tattara karin magana da tatsuniyoyi, amma daga ƙarshe wani ne zai zauna gaban kwamfuta ya mayar da jagwalgwalon rubutunmu ya zama shafuka masu kyan gani. A shafin godiya akan jero sunan malami da na iyaye da na abokai, wani lokaci har da na wadda ake shirin aure. Mai bugawa kuwa, in ya taki sa'a, ya sami rabin layi a can ƙasa.

A wannan ɗan rubutu ina so in yi magana ne a kan wuyan hannun wannan mutum, da kuma wata manhaja da ke danna linzamin kwamfuta da kanta domin rage masa gajiya. Linzamin kwamfuta shi ne abin nan da masu shago ke kira mawus, wasu kuma su ce ɓera. Ra'ayina, tun ba a je ko'ina ba, shi ne manhajar tana da amfani kuma ya kamata a san da ita, sai dai ba ita ce maganin ba. Babban ɓangare na maganin yana hannunmu, mu ɗaliban harshe.

Abin da na gani a Vinikilang

Ni ɗan Vinikilang ne, a tsallaken gadar kogin Binuwai in mutum ya baro Jimeta ya nufi Girei. A kan wannan hanya ce Jami'ar Modibbo Adama take, saboda haka ɗalibai ba sa yankewa a yankinmu, kuma inda ɗalibai suke ba a rasa shagon buga takardu. Yayata, wadda muke kira Adda kamar yadda aka saba a Adamawa, tana da irin wannan shago: kwamfuta biyu, injin gurza takarda ɗaya, da ƙaramin janareta. Mafi yawan aikin da ake kawo mata na Ingilishi ne, amma da yake ta iya ƙa'idojin rubutun Hausa, sai sunanta ya bazu, ɗaliban Hausa daga manyan makarantun Jimeta da Yola suka riƙa hayo gada suna kawo mata aiki. Da kuɗin wannan shago ake cefane a gidanmu, da shi kuma aka biya mini rajista fiye da sau ɗaya.

A watan Afrilu na 2024 na je gida, sai na lura in ta yi aiki na ɗan lokaci takan saki linzamin ta yarfe hannunta, kamar wadda ta taɓa tukunya mai zafi. Wata rana da safe kofin shayi ya suɓuce mata ba gaira ba dalili. Na ce, "Adda, me ya sami hannun nan?" Ta ce, "Sanyi ne kawai, zai wuce." Na ce, "Haba Adda, sanyi a garin nan cikin Afrilu, ana zafin da ya haura maki 40?" Ta yi dariya ta ce in daina yi mata ɗalibta. Amma da dare na ji ta tashi har sau biyu, ta ce yatsunta ne suka yi dindiris, sai ta girgiza su suke dawowa daidai. Ashe ta yi watanni tana sayen maganin kashe zugi a kemis, ta sha ta koma kan kujera.

Da ƙyar muka lallashe ta ta ga likita. Ya duba ta, ya sa aka gwada sukarin jininta, sannan ya ce aikin da take yi ne ya gajiyar da hannun. Ya ba ta abin ɗaure wuyan hannu da za ta riƙa sawa in za ta kwanta, ya kuma ce ta rage aiki. A kan hanyarmu ta dawowa cikin keke ta ce da ni, "Likita ya ce in huta. To wa zai ciyar da mu in na huta?" Wannan tambaya ce ta sa na shiga neman abin da zai rage mata wahala ba tare da ta rufe shago ba.

Yadda ciwon yake

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya masu yawa: hanyar jini jijiya ce, igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi jijiya ce, wadda ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa ma jijiya ce. Domin a fahimci wannan ciwo dole a rarrabe biyun ƙarshe. Tsokokin da ke lanƙwasa yatsu galibinsu a damtsen ƙasa suke, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma da igiyoyi suke jan yatsun. A wuyan hannu akwai wata 'yar matsattsiyar kafa, ƙashi ta ƙasa, tauri ta sama, wadda igiyoyi tara da jijiyar ji guda ɗaya suke bi ta cikinta. Wannan jijiya ita ke kai ji ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na huɗu. In wurin ya kumbura ko ya matse, sai waɗannan yatsu su riƙa sagewa, musamman da dare, ƙaramin yatsa kuwa ya zauna lafiya lau. Ban da wannan, akwai ciwon igiyoyin su kansu, da na gwiwar hannu, da na kafaɗa da wuya. Duk waɗannan akan tara su a ƙarƙashin suna ɗaya, wato ciwon da maimaita motsi ɗaya ke jawowa. Ni dai na fi so mu kira shi ciwon maimaici.

Ba kwamfuta ce ta kawo shi duniya ba. Wani likita ɗan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a a 1700, kuma a bugun da ya faɗaɗa a 1713 ya yi bayanin wahalar magatakarda da marubuta, inda ya danganta ta da yawan zama, da maimaita motsin hannu iri ɗaya, da kuma takura tunani don gudun kuskure. Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu a makon miƙa kundi ya san abubuwan nan uku suna nan yadda suke. A shekarun 1980 ƙorafin wannan ciwo ya yi yawa ƙwarai a tsakanin ma'aikatan ofis a Ostireliya, har ya zama abin muhawara tsakanin likitoci da ƙungiyoyin ƙwadago. A gida ma mun san shi tun kafin zuwan lantarki: a tambayi masu ɗinkin hula da masu surfe da masu wankau.

Adalci shi ne a faɗi cewa ba kowane ciwon wuyan hannu ne laifin kwamfuta ba. Ciwon sukari da juna biyu da ƙiba da matsalar maƙoƙo duk suna iya jawo matsewar jijiyar nan, shi ya sa likita ya fara da gwajin jini. Haka kuma wani babban bincike da aka yi a kan dubban ma'aikata a ƙasar Denmak, aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2003, bai sami wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin buga madannai da wannan matsewa ba. Inda ya ga alamar haɗari shi ne wurin masu riƙe linzami fiye da awa 20 a mako. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa. Awa 20 a mako, ga mai shago a lokacin kundi, aikin kwana biyu ne ko uku.

Manhajar tsaya-in-danna

Yadda manhajar take aiki ba shi da wuyar ganewa. Mutum zai tura kibiyar linzami zuwa inda yake so, ya tsaya. In kibiyar ta yi ɗan lokaci ba ta motsa ba, misali daƙiƙa ɗaya, sai manhajar ta danna masa da kanta. Shi ne zai zaɓi tsawon jiran, kuma akwai ɗan allo da zai nuna mata ko dannawa ɗaya yake so, ko biyu, ko ta dama, ko ja. Ke nan yatsa ya huta da danne-danne, aikin ya koma turawa kawai. Irin wannan dabara tana da muhimmanci ƙwarai ga masu lalurar da ba sa iya danna maɓalli, shi ya sa ake samunta a sashen taimakon masu buƙata ta musamman na kwamfutocin Mac da Chromebook da Ubuntu, har da wayoyin Android in an haɗa musu linzami. A ɓangaren Linux akwai wadda ake kira KMouseTool, kyauta. Masu Windows, wato kusan dukkan shagunanmu, galibi sai sun sauko da ita daga waje. Akwai na kyauta, akwai na kuɗi irin su RSIGuard. Kada a rikita ta da manhajojin da yara ke sawa su yi ta danna wuri ɗaya sau ɗaruruwa don cin wasa, waɗannan daban ne.

Na sa wa Adda ɗaya. Ranar farko ta kusa fasa mini kai, domin duk inda ta ajiye kibiya ta juya za ta amsa gaisuwar mai shigowa, sai manhajar ta danna: nan ta rufe mata shafi, can ta kai alamar rubutu tsakiyar wata kalma. Sai da ta koyi ajiye kibiyar a wurin da ba komai, kamar yadda ake ɗaure akuya nesa da shanya. Ita ce ma ta laƙaba mata suna tsaya-in-danna, sunan da na ga ya zauna daram a tsarin harɗaɗɗun kalmominmu irin su faɗi-ka-mutu da a-kori-kura. Bayan kamar mako biyu ta saba, kuma ta ce zugin manuniyarta ya ragu sosai, musamman in tana gyaran hotuna ko cike wa ɗalibai fom a intanet, ayyukan da kusan duk danne-danne ne.

Amma kafaɗarta ba ta daina ciwo ba, wuyan hannun ma bai saki gaba ɗaya ba. Dalili a bayyane yake. Manhajar ta ɗauke dannawa, ba ta ɗauke riƙo ba. Hannu yana nan a kife a kan linzami, wuyan hannu a tanƙware yana gugar bakin tebur, damtse a miƙe can gefe. Wani lokaci ma sai ta ƙanƙame linzamin don kada kibiya ta motsa kafin a danna. Bugu da ƙari, in wuta ta zo bayan dogon jira, ko in man janareta na ƙonewa, babu mai haƙurin jiran daƙiƙa ɗaya a kowace dannawa. Sai in ga ta kashe manhajar ta koma gidan jiya.

Ga inda jakin yake

Wata rana na zauna a bayanta ina kallo tana buga kundin wani ɗalibin Hausa, a nan ne na gane inda gizo ke saƙa. Duk lokacin da ta zo kan ɓ ko ɗ ko ƙ, sai ta ɗauke hannu daga madannai, ta kama linzami, ta buɗe akwatin alamomi na Microsoft Word, ta zaɓo harafin, sannan ta dawo. Aƙalla dannawa uku ke nan a kan harafi ɗaya. Mu yi ɗan lissafi. A ƙaddara shafi ɗaya yana da haruffa masu ƙugiya 20, kundin kuma shafi 100 ne. Hannunta zai yi tafiya daga madannai zuwa linzami sau 2,000, yatsanta ya danna sau 6,000, duk a kan ƙugiya kawai, kuma a kundi ɗaya tak. Ashe harshen da muke tinƙaho da shi ne yake mayar da aikin madannai ya koma aikin linzami, wato daidai ɓangaren da binciken Denmak ya nuna wa yatsa.

Ba za a ce ta bar ƙugiyar ba. Mu da kanmu muka san ƙura daban kura daban, baƙi daban baki daban, ƙafa daban kafa daban, kuma babu malamin Hausa da zai karɓi kundin da aka yi wa ƙugiya da biro. Amma an daɗe da samun mafita. Tun a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da nau'in rubutun kwamfuta mai ɗauke da haruffan Hausa masu ƙugiya, a lokacin da manhajojin rubutu ba su san da zamansu ba. Wannan hoɓɓasa ya yi wa harshen hidima mai yawa. Matsalar irin waɗancan nau'o'i ita ce in aka kai aikin wata kwamfuta da ba ta da su, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su koma wasu alamomi. Yanzu kuwa haruffanmu suna cikin tsarin Unicode da duk kwamfutocin zamani ke aiki da shi, kuma Times New Roman ɗin da ake tilasta mana bugu da shi yana da su.

Hanyoyin buga su ba tare da taɓa linzami ba aƙalla uku ne. Ta farko, Windows yana da tsarin madannai na Hausa, ƙara shi kawai ake yi a sashen harsuna. Ta biyu, a cikin akwatin alamomin nan na Word akwai wurin da mutum zai ɗaura wa kowane harafi gajeriyar hanya, misali ya haɗa maɓallin Alt da k ya ba shi ƙ. Aikin minti biyar ne, sau ɗaya, shi ke nan. Ta uku ita ce tsohuwar dabarar 'yan jarida: a buga q a madadin ƙ, x a madadin ɗ, v a madadin ɓ, tun da Hausa ba ta amfani da su, in an gama sai a danna Ctrl da H a musanya su gaba ɗaya, ƙanana daban manya daban. Sai dai a kula a keɓe manazarta da duk wata kalmar Ingilishi, kada a wayi gari sunan wani marubuci ya fito da ƙugiya. Adda ta zaɓi ta biyu. Dannawa 6,000 ɗin nan ta tashi a banza, kuma aikinta ya ƙara sauri, abin da tsaya-in-danna ba ta iya yi mata ba.

Abin da ya ba ni kunya shi ne ni ɗalibin Hausa ne, na yi shekaru ina karatun tsarin sauti da ƙa'idojin rubutu, na iya bayanin yadda ake furta ɗ da ƙ dalla-dalla, amma ban san yadda ake buga su ba sai da hannun yayata ya kusa nakasa. Na kuma tabbata ba ni kaɗai ba ne a ajinmu.

Sauran laifin namu

Ba ƙugiya kaɗai ba ce. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai ana saura kwana uku a rufe karɓar kundi za mu kwaso takardu mu zube wa mai shago, mu tsaya a kansa muna "don Allah yau nake so". Rubutun hannun wani kamar tafiyar kaza, shafuka babu lamba. In malami ya yi gyara, a dawo da shi sau huɗu sau biyar, kuma gyara aikin linzami ne zalla: nemo wuri, zaɓe, goge, ja. Ga shi ana biya ne a kan shafi, wato wanda ya tsaya ya huta aljihunsa ne zai ji a jika. Sannan a ƙarshe mu tsaya cinikin ragi. Wace manhaja ce za ta gyara wannan?

Wani zai ce ai kuɗinsa ya biya, kuma kowace sana'a da wahalarta. Gaskiya ne, ba kuma cewa na yi a daina kai aiki shago ba, domin da aikin suke ci. Abin da nake cewa shi ne akwai wahalar da ba ta ƙara wa kowa komai, kuma kawar da ita ba ya cin ko kwabo.

Shawarwari

Ga 'yan uwana ɗalibai: mu koyi buga Hausa da ƙugiyarta, ko da a waya ne, domin madannan Gboard suna da Hausa. Wanda ya buga babinsa da kansa ya kai shago a tsara masa a gurza, ya rage wa wani rabin wahala. Wanda zai kai rubutun hannu, ya kai da wuri, babi-babi, a rubuce sarai.

Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: me zai hana a ware rana ɗaya a kowane zango a koya wa 'yan aji ɗaya wannan aiki, a kuma buga 'yar takarda mai shafi guda a raba wa shagunan da ke kewaye da makaranta? In an samu hali, a roƙi malamanmu su saka shi cikin darasin ƙa'idojin rubutu.

Ga masu shaguna: a gwada tsaya-in-danna, amma a sauko da ita daga shafin masu ita, don kada garin neman gira a rasa ido, a kwaso cutar kwamfuta. A cikin Windows akwai ClickLock, wanda ke ba da damar ja ba tare da an danne maɓalli ba. Akwai kuma Workrave, manhaja ce ta kyauta da ke tuna wa mutum ya tsaya ya miƙe. A matso da linzami kusa da jiki, a daidaita kujera yadda gwiwar hannu za ta yi daidai da tebur, wuyan hannu ya zauna a miƙe, a kuma koyi gajerun hanyoyin madannai na kwafa da liƙawa da adanawa. Mai shagon da ke da yara masu yi masa aiki ya sani cewa Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da cututtukan da aiki ke jawowa, wato lafiyar hannunsu haƙƙi ne a kansa.

Wanda kuwa yatsunsa suka fara sagewa da dare, ko abu ya fara suɓuce masa, ko ya ga tsokar gindin babban yatsansa tana ramewa, to lamarin ya wuce na manhaja da na kemis. Ya nufi asibiti. A Yola ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, a Jimeta ga Asibitin Ƙwararru. Jijiyar da ta daɗe a matse ba lalle ne ta koma yadda take ba.

Kammalawa

Adda tana nan a shagonta. Tana kunna tsaya-in-danna in aikin fom ne ko na hoto, ta kashe ta in bugu ne, kuma yanzu ba ta karɓar kundin da aka ce gobe ake so, komai kuɗin. Hannun bai koma na da ba, amma tana barci. Da na gaya mata zan yi wannan rubutu, cewa ta yi, "To ka gaya wa 'yan ajinku su riƙa sa wa shafukansu lamba." Ga shi na isar.

Linzami taiki ne kawai. Jakin shi ne jahilcinmu na buga harshenmu da kuma halinmu na jira sai ranar ƙarshe. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa kafin ya kai babinsa na gaba shago, ya zauna ya buga ƙ da ɗ da ɓ da yatsunsa, ya kuma nuna wa mai buga masa yadda ake yi.